Waiwaye: Yadda aka haɗa ruwa, lantarki da sinadari a lissafi guda

A 1809 wani Bajamushe da ke koyarwa a Masko, Ferdinand Reuss, ya ba da labarin abin da ya gani da ya soka wayoyin batir biyu a jiƙaƙƙen yumɓu. Ruwan ya bar wajen waya mai alamar tarawa ya nufi mai alamar ɗebewa, ba tare da kowa ya tura shi ba. Shekaru da dama ba a san abin da za a yi da wannan ganin ba.

Masana na wancan ƙarni kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ohm ya kafa dokar tafiyar lantarki a 1827, Fick ya kawo ta yaɗuwar sinadari a 1855, shi kuwa Darcy, injiniyan ruwa a Dijon ta Faransa, ya auna yadda ruwa ke ratsa yashi a 1856. Dokoki uku, kowacce tana aiki ita kaɗai kamar sauran babu su.

Ƙasa kuwa ba ta raba su. Ƙwayoyin yumɓu suna ɗauke da cajin lantarki a fatarsu, gishirin da ya narke a ruwa yana taruwa a jikinsu, don haka idan lantarki ya ja gishirin, gishirin ya ja ruwan. Haka nan idan ruwa ya ratsa yumɓu, shi ma yana haifar da ɗan lantarki. Helmholtz ya fayyace wannan a 1879, sannan a 1931 Lars Onsager ya ba da ƙa'idar da ta nuna cewa gwargwadon yadda lantarki ke jan ruwa yana da alaƙa ta lissafi da yadda ruwa ke haifar da lantarki. A 1939 Leo Casagrande ya yi amfani da dabarar wajen tsane lakar wani ramin layin dogo a Jamus da ke ta zabtarewa. A 1993 masana biyu, Yeung da Mitchell, a Amurka suka fitar da tsarin lissafi da ya ɗaure kwararar ukun wuri guda, daidai lokacin da ake gwada zare gubar ƙarfe daga ƙasa da lantarki.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wannan: saurin da ruwa ke ratsa yashi ya ninka na laka sau dubbai, har miliyoyi, amma saurin da lantarki ke jan ruwa kusan ɗaya ne a dukansu. Wanda ya taɓa haƙa rijiya a fadamar kogin Galma a Zariya ya san lakar nan mai danƙo da ke riƙe ruwa ba ta saki, ko an kawo injin. Irinta ce lantarki ke iya tatsa.

Sai dai akwai matsala. Wajen waya mai alamar tarawa asid ke taruwa, ya bazu cikin ƙasa ya canza cajin ƙwayoyin, har kwararar ruwan ta tsaya ko ta juya baya. Jar ƙasarmu ta Zariya cike take da tsatsar ƙarfe, kuma cajin irin wannan ƙasa yana sauyawa da tsaminta. Alkaluman da aka auna a yumɓun Turai ba za a ɗauko su haka nan a ɗora wa marmarar Samaru ba.

Bayan gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, kankare saman ƙasa aka yi a ƙauyuka irin su Bagega aka binne, aka zubo sabuwa. Dabarar ta ceci rayuka, amma dalmar tana nan a ramukan da aka binne ta, kuma irinta ce ake gwada zarewa da lantarki. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen kimiyyar ƙasa da na injiniyan gine-gine, ga cibiyar binciken noma ta Samaru da asalinta ya kai 1922. Ina ganin aikin da ke gabansu shi ne su ɗebo ƙasar Kubanni, ta Galma da ta Bagega, su auna mata nata alkaluman a rani da damina, kafin a shigar da su cikin wancan tsarin lissafi a kwamfuta.