Me ake shimfiɗawa a ƙarƙashin dogon ƙaramin jirgin ƙasa? Tambayoyi da amsoshi

Masu sha'awar haɗa ƙananan jiragen ƙasa na lantarki a kan tebur, da tasha da gada da duwatsu kamar na gaske, sukan zuba kuɗinsu a kan jirgi da taragai, su manta da abin da dogon zai kwanta a kai. Ga tambayoyin da sababbin shiga suka fi yi game da wannan shimfiɗa.

Me zai hana in kafa dogon kai tsaye a kan katako?

Babu abin da zai hana, jirgin zai yi tafiya. Sai dai falle ɗaya na filawud kamar ganga yake, duk wata girgizar ƙafafun jirgi sai ya ƙara mata sauti. Sannan dubi layin dogo na gaske: yana bisa tudun tsakuwa ne mai gangare hagu da dama don ruwa ya wuce. Shimfiɗar ita ke ba ka wannan tudun, ta rage ƙara, ta kuma shanye 'yan ƙananan tudu da kwari na katakon.

To wane kaya zan saya?

Uku ne suka fi yawo. Na farko kok, wato ɓawon wani itacen oak da ake yin toshiyar kwalba da shi, wanda Fotugal ta fi kowace ƙasa samarwa. Ana sayar da shi sili-sili. Na sikelin HO, inda aka rage komai sau 87 kuma tsakanin ƙarafan dogo milimita 16.5 ne, kaurinsa wajen milimita 5. Na sikelin N, mai ragin sau 160 da tsakani milimita 9, wajen milimita 3. Kok yana da tauri daidai, yana karɓar sanfefa, yana lanƙwasuwa a kwana. Aibinsa shi ne idan ya daɗe a ajiye yakan bushe ya riƙa marmashewa.

Na biyu soso, irin Track-Bed na kamfanin Woodland Scenics. Ya fi kok shanye ƙara, amma ba ya goguwa da sanfefa kamar kok, kuma idan ka danna ƙusa da ƙarfi sai dogon ya lotsa a wurin.

Na uku Homasote, allon da ake matsawa daga tsofaffin takardu a Amurka. Masu kafa dogo da hannu, ƙusa bayan ƙusa, su ne masoyansa, don yana riƙe ƙananan ƙusoshi gam. Yana shan laima ya kumbura in ba a yi masa fenti ba, kuma ƙurar da yake tayarwa in an sa masa zarto sai wanda ya gani.

Ni dai in sabon shiga ya tambaye ni, kok nake ce masa, don shi ne ke yafe kuskure: inda ya yi tudu sai ka goge.

Yaya ake shimfiɗa kok ɗin?

Fara zana layin tsakiyar dogo da fensir a kan katakon, da kwanoni da komai. Kowane sili yana zuwa da tsaga a karkace a tsakiyarsa. Ka raba shi biyu, ka juya ɓangarorin yadda gefen da ke miƙe zai haɗu a tsakiya, gefen mai gangare ya kalli waje. Nan ne da yawa ke kuskure, su bar gangaren a ciki, su samu kwari a ƙarƙashin dogo.

Shafa gam siriri, ka ɗora rabi ɗaya yana bin layin fensir daidai, ka soke shi da fil-fil. Sai ka kawo ɗaya rabin ka jingina masa. Kada ƙarshen rabin hagu da na dama su faɗa wuri guda, ka sa ɗaya ya wuce ɗaya da 'yan santimita, musamman a kwana. Ka danne da littattafai ko gwangwanaye ya kwana.

Washegari ka naɗe sanfefa a jikin guntun katako mai faɗi ka bi saman. Sannan ka rufe ido ka bi da yatsa. Abin da yatsa ya ji a mahaɗa, ƙafar tarago ma za ta ji shi, kuma a sikelin HO tudun milimita 1 daidai yake da kusan santimita 9 a layin gaske.

Wane gam?

A kan katako, farin gam na kafintoci ya wadatar. Idan teburin na soson gini ne mai tauri, ka nemi abin liƙen tsaga na latex, wato gam mai danƙo da ake toshe tsagar gini da shi, ka baje shi da wuƙar fenti har sai ka hango layin fensir ta cikinsa. Ka guji gam mai warin fetur. Na taɓa shafa shi a kan soson gini, ina tsaye ina kallo wurin ya narke ya zama rami.

Na sa shimfiɗa, jirgi ya yi shiru. Da na zuba tsakuwa sai ƙarar ta dawo. Me ya faru?

Gam ɗin tsakuwar ne. Yadda aka saba, ana baje tsakuwa da burushi, a jiƙa ta da sifirit ko ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, sannan a ɗiga farin gam da aka sirka rabi da rabi da ruwa. Idan ya bushe sai ya zama kamar siminti, ya haɗe dogon da katakon ta gefe, girgizar ta tsallake shimfiɗar ta bi ta cikin tsakuwa. Ƙusa mai tsawo da ta huda kok ta shiga katako ita ma haka take yi. Maganin shi ne a liƙe dogon da gam mai laushi, a zare ƙusoshin bayan ya kama, a kuma kama tsakuwar da ruwan liƙi na masu zane (matte medium) maimakon farin gam, wanda ko ya bushe yana da ɗan danƙo. Ƙarar ba za ta tafi duka ba, amma za ta ragu.

Wurin sauya layi fa?

Can ka yanka faffaɗan kok guda ɗaya maimakon sili-sili. Idan za ka sa injin sauya layi a ƙarƙashin tebur, huda raminsa tun kafin ka ɗora dogo. Gam kuwa kada ko ɗigo ya kusanci ƙarafan da ke motsi.

Layukan gefe a tashoshin gaske sun fi babban layi ƙasa. Za ka kwaikwayi hakan da kok na sikelin N a ƙarƙashin dogon HO, ka goge mahaɗar ta sauka a hankali cikin tsawon tarago biyu ko uku. In ka yi gangaren a gajarce, taragai za su riƙa kwancewa da kansu.

Akwai dogon da ba ya buƙatar duk wannan?

Akwai, irin Unitrack na Kato da E-Z Track na Bachmann, masu zuwa da tudun roba a jikinsu. Sun dace da wanda zai shimfiɗa yau ya kwashe gobe. Sai dai kwanonin da kamfani ya yi su za ka bi, kuma robar da ke da rami a ciki tana da tata ƙarar.