Mijin-ta-ce: kalmar da nauyinta ke canzawa daga birni zuwa birni

Sunan daga bakin mutumin da kansa aka ciro shi. A tambaye shi ko zai zo ɗaurin aure Zariya ranar Asabar, ya ce, "Ta ce akwai inda za mu." A nemi rancen dubu ashirin a wurinsa, ya ce, "Bari in ji abin da ta ce." Tun abokai suna ƙirga "ta ce" ɗin nan a zuci, har wata rana su liƙa masa ita, ya zama mijin-ta-ce: namijin da ba shi da ta cewa a gidansa, matar ce ke yanke magana, shi kuma ya isar. Kalmar tana da 'yan'uwa. Akwai mijin Hajiya, wanda ya fi hawa kan mutumin da matarsa ta fi shi abin hannu, gida nata, mota tata. Akwai kuma "ta mallake shi" da "ta shanye shi", waɗanda dangin miji suka fi ɗauka, don a ganinsu ɗansu ba zai yi haka da hankalinsa ba sai an bi ta hannun boka. Kishiyarsu duka shi ne tsayayyen namiji, wanda ake cewa ya isa da gidansa.

Akwai inda kalmar take taɓa ciwo na gaskiya, kuma ba zan ɓoye shi ba. Mutumin da ya yi aure ya ɗauke ƙafa daga gidan mahaifiyarsa, ƙannensa suka zo aka bar su tsaye a ƙofa, ɗan abin da ya saba aikawa gida ya yanke alhali yana da shi, wannan ya cancanci a yi masa faɗa, ko da wane suna. Abin da ke damuna shi ne yadda bakin kalmar ya buɗe har ta haɗiye wanda bai yi laifin komai ba: wanda aka gani da jariri a kafaɗa, wanda ya tashi daga majalisa da wuri don matarsa ba ta da lafiya, wanda ya ce zai yi shawara da iyali kafin ya sayar da fili.

Kuma ma'aunin ba ɗaya ba ne a ko'ina. Aikin da zai jawo maka wannan suna a wani birni, a wani birnin shi ne shaidar ka cika maigida.

Ɗauki cefane. A Kano, namiji ya tsaya a kasuwar 'Yankaba ko ta Rimi yana taya tattasai da albasa, ba wanda zai ɗaga ido ya dube shi. Mai sayarwar ma namiji ne. Al'adar kulle ta bar kasuwa a hannun maza, har ya zama magidancin da ya dawo da yamma da ledar kayan miya rataye a babur shi ne wanda ya sauke nauyinsa. A Legas kuwa, ko da yake 'yan arewa ne ke sauke lodin tumatir a Mile 12, kasuwannin unguwa mata ne suka cika su, masu saye da masu sayarwa, har sarautar Iyaloja gare su, wato uwar kasuwa. A can zuwa sayen kayan miya an fi ɗaukarsa aikin uwargida.

Girki ya fi ba ni abin tunani. Mai shayin bakin titi a Kano yana soya ƙwai da indomi ga mutum hamsin a dare ɗaya. Mai tsire namiji ne, mai kilishi namiji ne, mai wanki da guga ma haka. Ɗan ci-rani a Agege ko Idi-Araba shi ke dafa wa kansa shinkafa da wake a ɗakin da suke kwana su shida. Duk ba wanda ya ce mazantakarsu ta ragu. Amma mai shayin nan ya koma gida ya ɗora wa matarsa mai laulayi ruwan zafi, maƙwabciya ta leƙo ta gani, kafin la'asar maganar ta zaga layi. Ashe hannun da ya taɓa tukunya ba shi ake duba ba. Ana duba wa aka yi wa, kuma ko an biya. In don kuɗi ne, neman halal ne. In don matarka ne, ka shiga bakin duniya.

Tsarin gidan ma yana da hannu a ciki. Gidan gargajiya na cikin birnin Kano ya raba wa kowa wurinsa: zaure da ƙofar gida na maza, tsakar gida da madafi na mata, wani gidan har da "Ba a shiga" rubuce a bango. A gidan yawa akwai uwar miji, akwai faccaloli, akwai ƙannen miji mata da 'yar riƙo. Hannu ya yi yawa, namijin da ya shiga madafi ma tsaye zai yi wa mutane a hanya. In haihuwar fari ce, matar ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta yi wankan jego na kwana arba'in a hannun tsofaffi. Nasa shi ne itacen wanka da kayan ƙauri da ragon suna. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ke hana uba kiran sunan yaron balle ya ɗauke shi a gaban manya.

Yanzu ɗauko wannan saurayin ka ajiye shi a ɗaki biyu da falo a Kubwa ko Mararaba, a gefen Abuja. Shi ma'aikaci, ita malamar asibiti ko ta makaranta. Kuɗin haya na shekara ake biya dunƙule, albashi ɗaya ba ya ɗauka. Dole su fita da duku-duku kafin hanyar shiga Abuja ta cushe. Ba kaka, ba ƙanwa, kicin kuma taku uku ne daga inda yake zaune. Ina da aboki a irin wannan gida, ɗan cikin ganuwa, wanda na san ko kofin da ya sha shayi ba ya ɗaukewa a gidansu. Na kwana wurinsa bayan sun sami 'yarsu ta biyu. Da asuba na tarar da shi a kicin da singileti, yarinyar kwance a kafaɗarsa ta hagu, yana juya kunu da hannun dama, yana yi mata ɗan waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa don maman ta samu barcin awa ɗaya. Bai yi mini bayani ba, ni ma ban tambaya ba. A layinsu kusan kowane magidanci haka yake, shi ke kai yara makaranta, shi ke tsayawa layin rigakafi ranar da matar ke aikin safe. Gwamnati ma ta fara lura da wannan rayuwa. Jihar Legas ta ba ma'aikatanta maza hutun haihuwa na kwana 10 tun 2014, sannan a Satumbar 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kwana 14 ga ma'aikatan tarayya.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan bambanci tsakanin birane ba. A ƙasar Sin, mazan Shanghai sun yi suna da aikin gida, har a harshen garin akwai "ma da sao", wato sayo, wanke, dafa, mutanen arewacin ƙasar kuma suna yi musu tsiya da shi. A Chengdu ana ce wa mijin-ta-ce "pa er duo", mai kunne mai laushi, kuma maza da yawa a can da bakinsu suke amsa sunan cikin raha. Har wani keke da ake liƙa wa kujera a gefe, miji na tuƙi mata na zaune, da wannan suna ake kiransa. A Stockholm kuwa uba da keken jariri a titi da hantsi ba abin kallo ba ne, domin Suwidin ta buɗe hutun reno ga iyaye maza tun 1974, yanzu kwana 480 ne ga ma'aurata, 90 daga ciki an keɓe wa kowannensu, in uban bai ɗauki nasa ba sun tafi a banza.

Mu kuwa muna da hujjar da ta fi dokar Suwidin kusa da zuciya. An tambayi Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi sai ya fita. Hadisin yana cikin Buhari, kuma mafi yawan masu jifan wani da mijin-ta-ce a majalisa sun san shi. Tsoron bakin abokai ne ya fi ƙarfin sanin.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kalmar ta ƙara ɗaci. Addini ya ɗora wa miji ci da sha da sutura da muhalli, kuma a kan wannan mazantakar Bahaushe ta tsaya. Yau a Kano da Kaduna akwai gidaje da dama da cinikin turaren wuta da atamfar da uwargida ke tallatawa a WhatsApp ke ɗora tukunya. Na san gidan da matar ke danƙa wa mijin kuɗin cefane a ɗaki kafin ya fita, don unguwa ta gan shi ya dawo da leda a hannu. Su biyun suna rufa wa juna asiri, mutumin kuma yana ramewa a tsaye saboda fargabar ranar da za a ce masa mijin Hajiya. Wannan fargaba tana sa wani ya riƙa tsawa a gida ba dalili, don dai a ji yana nan.

Abokin nan nawa ya kawo iyalinsa Kano da babbar salla. Muna zaune a tsakar gida muna gaida mahaifiyarsa, yarinyar ta fara kuka tana miƙo masa hannu. Na ga hannunsa ya motsa, sai ya mayar da shi kan gwiwa, ya sunkuyar da kai. Ƙanwarsa ta ɗauke ta, kukan bai tsaya ba. Aka miƙa wa maman, nan ma bai tsaya ba. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, "Kai, karɓi 'yarka mana. Ai na ga kai ta sani."

Ya ce, "To, Hajiya." Ya karɓe ta, amma sai da ya fita da ita zaure kafin ya ɗora ta a kafaɗa.