Alheri da Fansa a Tafsirin Littafi Mai Tsarki

Alheri da fansa su ne ginshiƙai biyu da malaman Kirista ke ɗora bayanin ceto a kansu. A tafsirinsu, alheri kyauta ce daga Allah zuwa ga wanda bai cancanta ba. Fansa kuwa ita ce kuɓutar da wanda ke ɗaure ta hanyar biyan abin da ke wuyansa. Da waɗannan kalmomi biyu ake wa'azi a majami'un da ke sujada da Hausa a Sakkwato, na ECWA da na Katolika da sauransu. Cikakkiyar fassarar Littafin da Hausa ta fito a 1932, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi da abokan aikinsa.

Kalmar Girkanci da aka fassara da alheri ita ce charis. Bahaushe na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato mai yin sa na iya sa ran sakayya. Manzo Bulus ya kai ma'anar gaba da haka: a Afisawa 2:8-9 ya ce ceto baiwa ce da ake karɓa ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba, don kada kowa ya yi fahariya. A kan wannan ne Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya yi jayayya da Pelagius, malamin da ke ganin mutum na iya yi wa Allah biyayya da ƙoƙarin kansa, har taron Kartaj na 418 ya goyi bayan Agustin. Muhawarar ta sake tashi da Martin Luther daga 1517, Majalisar Trent, wato taron shugabannin cocin Katolika, ta ba da amsarsu a 1547, sannan a 1999 Katolika da Lutheran suka sa hannu kan matsaya guda a Augsburg.

Fansa ta fi ratsa zuciyar mutumin Sakkwato, domin ya san nauyinta. A zamanin Daular Usmaniyya dangi kan fanshi ɗan'uwansu da aka kama, bawa ma kan biya murgu, wato kuɗin da yake ba ubangidansa don ya bar shi ya yi aikin kansa, har ya kai ga fansar kansa. Yau kuma ga iyalan da ke sayar da gona da dabbobi don haɗa kuɗin fansa. Tsohon Alkawari yana da irin wannan tsari: Littafin Firistoci sura 25 ya ba dangi na kusa, go'el da Ibrananci, ikon fanso ɗan'uwan da talauci ya sa ya sayar da gonarsa ko kansa. Abin da Bo'aza ya yi wa Rut da Na'omi ke nan. Markus 10:45 kuma ya ce Yesu ya zo ya ba da ransa fansa domin mutane da yawa.

To, wa aka biya? Wasu malaman farko, irin su Orijen, sun ce Shaiɗan. Wani malamin kuma, Giregori na Naziyanzus, ya ƙi wannan, yana ganin rashin dacewa ne a ce ɗan fashi ya karɓi irin wannan farashi, kuma hujjarsa tana da ƙarfi, musamman ga wanda ya ga yadda kuɗin fansa ke ƙara wa azzalumi ƙarfi. A ƙarshen ƙarni na 11 Anselm na Kantabari ya mayar da bayanin kan bashin da ɗan Adam ya ci na girman Allah, wanda Almasihu ya biya a madadinsa. Musulunci, addinin mafi yawan Sakkwatawa, bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, saboda haka kalmar fansa ɗaya ce a bakin maƙwabta, amma kowane ɓangare da abin da yake nufi da ita.