Yawon daji da damina a ƙasar Sakkwato: tambayoyi da amsoshi

Wai akwai dajin da za a shiga yawo a Sakkwato kuwa?

In kurmi ake nufi irin na kudu, wanda rana ba ta ratsa shi, babu. Dajinmu na sabara ne da geza da kalgo da aduwa, sai kuka da tsamiya jefi-jefi, ga goruba da giginya a bakin fadama. Ruwan shekara gaba ɗaya bai cika wuce milimita 700 ba, kuma kusan duka yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Wannan gajartar ce ma ta sa abin ke da ban sha'awa: filin da ka bari a watan Afrilu ƙura na tashi, ka koma a Agusta ka tarar ciyawa ta kai gwiwa, tafasa da lalo da yaɗiya sun rufe ƙasa.

Ina ya dace a nufa?

Kusa da gari, inda mutane ke noma da kiwo. Gefen fadamar Rima ta wajen Kwalkwalawa, kan hanyar jami'ar Usmanu Danfodiyo, da kewayen tafkin Kware sun isa mai son kallon tsuntsaye da itatuwa. Manyan dazuzzuka kam a haƙura da su. Dajin Gundumi tun da can ba wurin wasa ba ne, Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya ratsa shi a 1853 ya sha wuya, yanzu kuma 'yan bindiga ne matsalar, haka ma dazuzzukan wajen Isa, Sabon Birni, Tangaza da Gudu. Ko kusa da gari ne, a gaida mai gari ko dattawan wurin, a nemi ɗan gari ya yi rakiya. Baƙon da aka gani yana leƙe-leƙe cikin daji shi kaɗai a wannan zamani, ba kowa zai yarda kallon tsuntsu ya kawo shi ba.

A cikin ruwan ake tafiya, ko bayan ya ɗauke?

Ya danganta da irin ruwan. Marka, wato yayyafin nan na Agusta da ke wuni yana zuba ba iska ba tsawa, ita ce ta tafiya. Amma hadarin da ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, iska da ƙura na gabansa, wannan na neman mafaka ne. Ni dai a ganina babu kamar safiyar da aka kwana ana ruwa: jigawa ta sha ta daddale, ƙafa ba ta nutsewa cikin rairayi, sawun duk abin da ya wuce da dare yana nan raɗau, zomo ne, bushiya ce ko damo. Fadama kuwa laka ce mai riƙe takalmi, a bi ta gefe.

Me mutum zai tsaya ya kalla?

Ya fara da gawo. Duk itatuwa na sabon ganye da damina, shi kuwa lokacin yake kaɗe nasa ya tsaya tsirara, sai rani ya yi kore. Shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar kuma taki ne, ka duba geron da ke gindinsa za ka ga ya fi na nesa tsawo da duhu. Kuka kuma tana fitar da fararen furanni masu reto, da dare suke buɗewa, jemagu ne ke kai musu ziyara, da safe sai ka tarar da su a ƙasa.

Shamuwa tana zuwa daga kudancin Afirka gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa cikin gari, ta tafi idan damina ta ƙare. A bakin ruwa akwai zalɓe da balbela, a kan ƙaya kuma sheƙunan tsuntsaye masu saƙa na lilo. Bayan ruwan farko shinge, wato gara mai fiffike, na fitowa daga suri, tsuntsaye da kwaɗi da yara kowa na rububi. Ƙamshin ƙasar nan da kowa ke so ma yana da dalili: wasu ƙwayoyin halitta ne na cikin ƙasa ke samar da sinadarinsa, ɗigon ruwa ya tayar da shi cikin iska.

Tsawa fa?

Kuskuren da aka fi yi shi ne fakewa gindin itace guda a tsakiyar fili, nan aradu ta fi faɗawa. A nisanci tudu da bakin ruwa, a nemi ginin kirki ko cikin mota. Ƙarar tsawa na cin kilomita ɗaya cikin kusan daƙiƙa 3, saboda haka in tsakanin walƙiya da ƙara bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin ya matso. Kada kuma a zauna cikin kwari ko busasshiyar ƙorama, ruwan da aka yi can nesa kan iso ba sallama.

Macizai da sauro ba za su hana ba?

Da damina suka fi yawo, musamman kububuwa da kasa, masu lafewa cikin ciyawa. Takalmi mai dogon wuya, dogon wando da sanda sun rage yawancin haɗarin, kuma kada a cusa hannu cikin rami ko suri. In tsautsayi ya auku, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau; a hana gaɓar motsi a garzaya asibiti. A dawo gida kafin magariba saboda sauro, a kuma bar wanka a kududdufi, nan ake ɗaukar tsargiya.

Me za a riƙa?

Ruwan sha, malfa, rigar ruwa, waya cikin leda. Kakanninmu kabido suke sawa, na kaba, kuma har yau ya fi lema amfani inda ƙaya ta yi yawa. A bi burtali ko hanyar ƙafa, kada a keta gonar mutane. Daga ƙarshen damina kuma ƙarangiya ta nuna, wanda ya shiga da doguwar riga mai jan ƙasa zai wuni yana cira.