Kuɗin Majigi a Makarantar Gwamnati: Me Doka Ta Ce?

Kwanan baya wani maƙwabcina ya tare ni bayan sallar La'asar da 'yar takarda a hannu. Ɗiyarsa ce ta kawo ta daga firamaren gwamnati da take zuwa, wai kowane yaro ya kawo naira 500 za a sayi majigi da lasifika. 'Ya'yansa huɗu ne a makarantar. Abin da yake son sani shi ne, dole ne sai ya biya?

Na ce masa ba dole ba ne, kuma doka na bayansa.

A nan birnin Sakkwato Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya ranar 30 ga Satumba, 1999, aka kafa masa doka a 2004. Sashe na 2 na dokar ya ɗora wa kowace gwamnati nauyin bai wa yaro ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta, kuma tilas. Sashe na 3 ya ce hidimomin da ake yi a waɗannan makarantu na gwamnati ba a karɓar musu kuɗi, wanda kuma ya karɓa ya yi laifi, hukuncinsa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. To waɗanne hidimomi? Sashe na 15 ya lissafa su: littattafai, kayan koyarwa, azuzuwa, kujeru da tebura, da abincin rana.

Gaskiya ne dokar ba ta kira majigi ko talabijin da suna ba. "Kayan koyarwa" kawai ta ce. Amma a fahimtata duk abin da malami zai ɗauka don ɗalibi ya gani da ido ko ya ji da kunne ya shiga ciki, tun daga taswira da hotunan bango har rediyo da kwamfuta. Wanda ya taɓa fama da yara sittin yana kwatanta musu yadda jini ke zagaya jiki, ba komai hannunsa sai alli, ya san abin da hoton minti biyu zai sauƙaƙa masa. Saboda haka ban ga laifin shugaban makarantar da ya yi kwaɗayin majigi ba. Hanyar da ya bi ce ba daidai ba. Idan wani mai hali ko tsofaffin ɗalibai suka saya suka kawo don Allah, wannan kyauta ce, a yi musu godiya. Amma a yanka wa kowane yaro kuɗi, har a kori wanda bai kawo ba, nan ne aka taka doka.

Sai dai a lura, wannan hani bai shafi makarantun kuɗi ba, bai kuma kai babbar sakandare ba. Haka nan dokar ba ta yi alkawarin talabijin a kowane aji ba.

To daga ina kuɗin kayan zai fito? Sashe na 11 ya ce gwamnatin tarayya ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigarta, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, da ke Abuja ke riƙe da shi. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, rabin kuɗin ana ba jihohi ne a matsayin tallafi, kashi 15 na kayan koyarwa, kashi 10 na horar da malamai. Shi tallafin jiha kuwa da sharaɗi yake: sai jiha ta ajiye nata rabin kafin ta taɓa na tarayya. Jihar da ta yi jinkiri, kuɗinta na nan kwance a Abuja, yara kuwa na zaune a ƙasa. Sashe na 1 ma ya faɗa ƙarara cewa abin da tarayya ke yi agaji ne kurum, ainihin nauyin na kan jiha da ƙaramar hukuma.

Ke nan hanyar neman majigi ta ofis ce. Kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, shi zai zauna da shugaban makaranta su rubuta buƙatarsu, a miƙa wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi kuma ya kai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, wadda ke tsara ayyukan ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato. A riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. Magana ta fatar baki a ofis, da an tashi aiki ta bi iska.

Abu guda nake roƙon 'yan kwamiti, kada su rubuta majigi shi kaɗai. Na taɓa shiga ofishin wata makaranta na tarar da sabon majigi bisa kabad, ko ledarsa ba a cire ba, ƙurar hunturu ta rufe kwalin har ana iya rubutu a kai da yatsa. Ba wuta a makarantar, ba wanda aka koya wa kunna shi, kuma shugaban na tsoron kada ya lalace a hannunsa a ce ya biya. Da zafin Sakkwato na watan Afrilu da tagogin da ba marufi, na'ura ba ta jure sakaci. A haɗa da sola da batir a takardar, da akwatin ƙarfe mai makulli, da labulen da zai rage hasken aji, da malamai biyu da za a horar, don idan aka yi wa ɗaya canjin wurin aiki kada abin ya tsaya. Makarantar da wutar ta yi mata nisa kuwa, gara ta fara neman rediyo mai ɗaukar memori da manyan hotunan bango, waɗannan gobe ma sai su shiga aji.

Shi maƙwabcin nawa na ba shi shawara kada ya je da faɗa. Ya nemi shugaban kwamitin su tafi tare, su nuna wa malam sashe na 3 da na 15 cikin mutunci, sannan su zauna su rubuta takardar zuwa ga sakataren ilimi.