Me ake nufi da “guru” a harkar ƙarfafa gwiwa?

Kalmar guru daga Indiya ta fito, kuma a can tana nufin malamin da ke shiryar da almajiri a tafarkin addini. A yau, idan ka ga an kira wani guru a intanet, galibi ana nufin mutumin da ya mayar da ƙarfafa wa jama'a gwiwa sana'a. Yana rubuta littattafai, yana cika zauren taro, yana sayar da darussa, duk a kan alkawarin cewa ya gano sirrin arziki da kwanciyar hankali.

Sana'ar ba ta jiya ba ce. A 1937 Napoleon Hill ya fitar da littafi a Amurka yana koyar da cewa tunani ne ke jawo dukiya, a 2006 kuma Rhonda Byrne 'yar Ostireliya ta sake yi wa wannan koyarwa fenti, ta sayar da miliyoyin kwafin nata littafin.

Ni ba na ganin laifi a ce wa mutum ya tashi ya nema. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka tsara cinikin ta yadda guru ba ya taɓa yin kuskure. Idan ka samu, koyarwarsa ce ta yi aiki. Idan ka rasa, kai ne ba ka sakankance ba, ko ka bar mugun tunani ya shige ka. Rashin aikin yi, tsadar rayuwa, rashin lafiya, zaluncin mai gida a wurin aiki, duk a share su, a ɗora wa wanda abin ya shafa. Mutum ya zo da nauyi ɗaya, ya koma da biyu: matsalarsa da kuma zargin kansa.

Dubi yadda taronsu ke gudana. Kiɗa na tashi, a ce kowa ya miƙe ya ɗaga murya cewa shi mai nasara ne. A fito da mutum ɗaya da ya yi arziki ya ba da labarinsa, ɗaruruwan da suka bi hanyar suka tashi a tutar babu kuwa ba wanda zai hau da su dandamali. Kafin zumuɗin ya huce, sai a nuna teburin da ke bayan zaure, inda ake rajistar darasi na gaba mai tsada, wai rangwamen na yau ne kaɗai.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wasu daga cikin dabarun. A 2009 Joanne Wood da abokan aikinta a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun sa mutane maimaita wa kansu cewa su abin so ne. Waɗanda dama ke raina kansu, wato waɗanda suka fi bukatar taimako, sai damuwarsu ta ƙaru.

Akwai ma inda abin ya kai ga rasa rai. A watan Oktoba na 2009, a kusa da Sedona ta jihar Arizona, wani guru mai suna James Arthur Ray ya shigar da mabiyansa wata bukka mai tsananin zafi da tururi, yana zuga su su daure. Mutum uku suka mutu. A 2011 kotu ta same shi da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka yanke masa ɗaurin shekara 2.