Tallar Benetton da hukuncin kisa a Amurka: tambayoyi da amsoshi

Me ya haɗa kamfanin tufafi da hukuncin kisa?

A farkon shekarar 2000 kamfanin Benetton na Italiya ya fito da wata talla da babu riga ko wandon kamfanin a cikinta. Mai ɗaukar hoto Oliviero Toscani ya shiga gidajen yarin Amurka, ya ɗauko fuskokin fursunoni 26 da ke jiran ranar kisa, aka baza su a mujallu da allunan bakin titi. Nufinsa mai kallo ya tuna cewa ɗan Adam ne ake shirin kashewa.

Ta yi tasiri kuwa?

Ta tayar da ƙura, amma ba inda aka nufa ba. Iyalan waɗanda fursunonin suka kashe sun fusata, domin an haska fuskar mai laifi, an manta da nasu mamacin. Kantunan Sears suka janye kayan Benetton. Jihar Missouri ta kai ƙara cewa da yaudara aka shiga kurkukunta, ƙarshe kamfanin ya ba da haƙuri, ya zuba dala 50,000 a asusun tallafa wa waɗanda aka zalunta. A shekarar 2000 ɗin Toscani ya bar kamfanin. A ganina kuskuren tallar shi ne ta nemi a tausaya wa mutanen da ita kanta ba ta ce ba su yi kisan ba.

To me ya fi girgiza jama'a?

Labarin waɗanda aka yanke wa kisa alhali ba su ji ba ba su gani ba. A jihar Illinois, daga 1977 zuwa 2000, an kashe fursunoni 12, an saki 13 bayan hujjar da aka ɗaure su da ita ta rushe. Anthony Porter saura kwana biyu a kashe shi a 1998 aka dakatar, ɗaliban aikin jarida na jami'ar Northwestern suka tono shari'arsa, aka sake shi a 1999. Gwamna George Ryan, wanda a da yake goyon bayan hukuncin kisa, ya dakatar da aiwatar da shi a Janairun 2000, a 2003 ya sassauta wa fursunoni 167. Jihar ta soke hukuncin kisa a 2011.

Ta yaya kotu ke kama marar laifi?

Shaidan gani da ido ya ruɗe, ɗan sanda ya matsa wa mutum har ya amsa abin da bai yi ba, ko talaka ya faɗa hannun lauyan da bai damu ba. Kirk Bloodsworth na Maryland, shaidu ne suka nuna shi, gwajin DNA ya wanke shi a 1993.

Irin wannan ya taɓa faruwa a Najeriya?

Kusa da haka. A 1981 jihar Oyo ta kashe Nasiru Bello, wanda aka yanke wa hukunci kan fashi da makami, alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa doka.